Bencin Maiturare da Katakon Isiyaku

Unguwar Magajiya, Suleja
Nuwamba, 1979

Rahmatu, an sa ranar auren Isiyaku, Asabar ta bayan Kirsimeti! Sai da na rubuta wannan na tuna ban gaishe ki ba. 'Yata, ina gajiya, ina sanyin Jos? Ubangiji ya ƙara wa maigidanki da yara lafiya. Mu nan sai godiya.

Auren nan saura kaɗan ya watse, kuma Maiturare ne sila. Kin san shi yana tallar turare a tasha. Tun da aka fara aikin sabon birni ya koma kai wa 'yan kwangila yashi, yanzu ko gaisuwa daga cikin mota yake amsawa. Bara ya saya wa ikilisiya benci, ya sa aka rubuta sunansa da jan fenti a bayan kowanne, har na baya ba ya iya rufe ido ya yi addu'a sai ya karanta shi. Ni da na koyi baƙi da furfurata a ajin yamma, da na san abin da zan riƙa karantawa ke nan, da na yi zamana.

Da aka zo zaɓen dattawa ba a zaɓe shi ba. Ranar Litinin ya turo tifa ta kwashe bencin duka. Wai kayansa ne. Ashe ba Allah ya ba ba, haya ya ba shi! Tsofaffi suka koma zaman ƙasa, mahaifiyarki sai an kama ta take tashi.

Isiyaku ɗan wanki kuwa, tun da ya gama koyon kafinta yake tara katako don ƙofa da gado da kujerun ɗakin amarya, domin Sha'aibu mahaifin Asibi ya ce sai ɗaki ya kammala zai ba da 'yarsa. Yaron nan bai yi shawara da kowa ba, ya yanka katakon ya yi benci. Na yi masa faɗa. Ya ce mini katakon ajiya ne Allah ya ba shi, mai shi kuma ya nema.

Sha'aibu ya fusata, ya ce ba zai ba mara ƙofa 'ya ba. Asibi ta ce asabarin uwarta ya ishe ta ƙofa, ya kore ta daga gabansa. A sujadar Lahadi ya ƙi zama a bencin, ya riƙa tsayuwa jikin bango kamar dogari. Lahadin da ta wuce Fasto ya ja wa'azi, gwiwa ta ci amanarsa, ya zauna. Aka tashi bai tashi ba. Na gan shi yana shafa bayan bencin yana leƙen ƙarƙashi, bai sami sunan kowa ba. Da yamma ya aiko a zo a sa rana.

Na Maiturare suna jibge a bayan gidansa, gara na yi masa godiya.

Ki gai da maigidanki da jikokina kishiyoyina su Ladan, da Asama'u, da Mama Abimbola maƙwabciyarki. Ku ɗauki hutu ku zo dukanku, har ita. Ku zo ku ga amaryata, don na riga na gaya wa Isiyaku riƙo kawai zai yi mini. Wurin zama akwai, gado ne dai babu, kowa ya taho da tabarmarsa.

Ni ne mahaifinki,
Bamalli Daso