Rigar da Baba Bai Kalmashe Ba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Jiya likita ya ja ni gefe, ya ce kansar hantar Baba ta bazu har huhu. Tiyata ba za ta yi amfani ba, sai dai a riƙa rage masa zafi. Na tambayi tsawon lokaci, ya ce rai na Allah ne, amma irin wannan zancen watanni ake yi. Baba sai tambayata yake me aka ce. Me zan faɗa masa?

Ƙanwarka,
Auta

Wa'alaikumus salam Auta,

Na samu saƙonki, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki kuskura ki faɗa masa, ki ce ciwon shawara ne. Likita ba Allah ba ne. Aiki ya riƙe ni, sai ƙarshen shekara zan samu hutu. Ki yi haƙuri, ki gaishe shi.

Yayanki

Yaya, ina gaisuwa.

Ƙarshen shekara? Haba Yaya! Kana can kana ba da umarni, ni ce nan nake kallon idonsa da ya koma ɗorawa. Cikinsa ya kumbura, wuya kamar zare. Ya sa an shigo masa da keken ɗinkinsa gefen gado, ya taka kaɗan ya huta. In ya ce, "Auta, shawarar nan ta daɗe ko?" sai in ce ana samun sauƙi, in shige banɗaki in buɗe famfo in yi kukana. Ba dama in faɗa, ba dama in fita. Wallahi na gaji, haushinka nake ji. Allah ya huci zuciyarka.

Auta

Assalamu alaikum ɗana,

Ina gaishe ka, ka shafa min kan jikokina. Ka daina sa yarinyar nan ƙarya, ba ta iya ba, kuma famfon banɗaki ba ya ɓoye kuka. Ni nake tsuke wuyan rigata da hannuna, na san abin da ke jikina. Na ɗinka maka riga, saura kalmasa, ban san ko ka yi ƙiba ba. Ka zo in gwada ka tun ƙafata na iya taka keke. Ƙafar nan ba za ta kai ƙarshen shekara ba.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka