Zagin da Na Kasa Maimaitawa

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya mutanen tsibirinmu na Vava'u? Ni lafiya lau, inabin da muke tsinka a nan Mildura, Ostiraliya, ya nuna.

Jiya hukuma ta saurari ƙarar da na kai mai gonar da muke aiki, wanda ke hana mu 'yan Tonga kaɗai hutawa a inuwa. Jami'ar hukumar ta ce, "Malakai, maimaita zagin da ya yi maka."

Mama, tafintar da aka kawo Seini ce, 'yar Kawu Viliami! Ya zan furta batsa a gaban 'yar'uwata?

Ta raɗa mini, "Kai, faɗi mana!" Na sunkuyar da kai na ce na manta.

Haka ƙarar ta watse; gobe zan koma gonar mutumin. Kada ki damu, addu'a dai. Ki gaya wa Baba tarbiyyarsa ba ta zube ba.

Ɗanki,
Malakai