Farashin Kek ɗin Auta

Zuwa ga 'yata, yayar Auta,

Kada ki karanta wannan takarda a tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya ki cusa ta aljihu. Ki bari ki tashi aiki, ki zauna, ki karanta ta har ƙasa. Na ƙi kiran ki a waya ne don maganar waya iska ce, kina "to Mama, to Mama" hankalinki yana wani wuri.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi, ban da ƙafata.

Ƙanwarki za ta tafi. Wani babban gidan burodi a wani gari ya yi mata tayin aiki har da ɗakin kwana. Ta ce in babban kek ɗin da ke gabanta ya ƙare kamar sauran, ƙarshen wata za ta haɗa kayanta. Tun rasuwar mahaifinku ita ce hannuna, ita ce ƙafata. In ta tafi, ni da bango za mu riƙa hira.

Abin da ya ɗaure mini kai, aiki bai yanke mata ba. Obin da take gasa kek ba ya hucewa. Amma gas ya ƙare, sai da ta sayar da 'yan kunnenta ta cika tukunya. Na yi mata faɗa, na ce kunya ba ta sayen fulawa. Ta ce ai ba ita ke faɗin farashi ba. Mata ne ke bugo waya da farashinsu a baki, "an ce mana kaza kike yi," ita kuma ta kasa musawa. Wa ke ce musu? Ta ƙi faɗa. Ina zargin matar mai shagon kusurwa, bakinta ba ya rufuwa.

Maganarki take ji. Ki hana ta tafiya.

Mahaifiyarki.

*

Mamana,

Na gaishe ki da kyau, jikokinki ma suna gaida ke. Ki riƙa shan maganin ƙafar nan kan lokaci.

Na zauna na karanta kamar yadda kika umarta, har na yi dariya. Ki wanke matar mai shago, ba ta da laifi. Ni ce. Duk matan nan abokan aikina ne a asibiti, ni nake yi wa Auta talla. In sun tambayi kuɗi, sai in lissafa fulawa da ƙwai da sukari, in ɗora ɗan wani abu. Ba ta biyan hayar shago, a kicin ɗinki take yi, me za ta cika wa mutane kuɗi? Da arha ake jawo kasuwa.

Babban kek ɗin ma ni na samo mata. Shugabarmu ce za ta yi ritaya, muka yi karo-karo. Na yi musu alkawarin hawa uku da kirim ɗin farar cakulan, tunda shi Auta ta fi iyawa. Zan turo direba ranar ya ɗauko.

Maganar tafiya kuwa, shagwaɓar auta ce. Wadda ba ta iya kwana sai fitila na kunne, ita ce za ta zauna ita kaɗai a wani gari?

'Yarki.

*

'Yata,

Gaisuwa. Takardarki ta zo, kuma ban yi dariya ba.

Na tura ki makaranta, kika koyi auna magani, amma ba ki koyi auna wahalar ɗan'uwa ba. Bari in gaya miki yadda aka yi kek ɗin da kika ci kika yaba.

Kuɗin da kuka tara, farar cakulan kaɗai ta cinye fiye da rabinsa. Ta gaske nake nufi, ba mai ɗanɗanon kyandir ba. Na ce wa Auta ta sayi mai arhar mana, ta ce ba za ta sa sunanta a kan ƙarya ba. Don haka ta sayo daidai na kwaɓi ɗaya, babu rarar ko cokali in wani abu ya ɓaci.

Ni da nake zaune a kicin kullum na san aikin nan. Ana buga bota sai ta yi fari, a zuba garin sukari. Ita cakulan ana narka ta a kwano bisa ruwan zafi, ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ciki ta dunƙule. Sannan a jira ta huce, a taɓa da yatsa ba ɗumi amma tana zuba. Jiran nan shi ne aikin duka.

Tana cikin jira direbanki ya iso tun kafin lokaci, ya kafa hon a ƙofar gida. Ke kuma kina bugo waya. Na leƙa na ce, "Malam, haihuwa ake yi a motar?" Ya ce, "Mama, an ce mini kek ya gama tun jiya." Na ce, "Wadda ta ce maka ta zo ta ɗauka."

Kafin in dawo Auta ta juye cakulan a cikin bota da sauran zafinta. Ina kallo bota ta saki, kirim ya zama ruwa, mai yana yawo a sama. Ga shi an ɗauke wuta, firij ya zama akwati. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da kwano ta ce, "Mama, shi ke nan, ba ni da wata."

Na ja ƙafata zuwa wurin matar mai shago, ta ba ni ƙanƙara a roba. Muka ɗora kwanon a kai, ina riƙe, tana bugawa da hannu tunda inji ba wuta. Ta buga har kafaɗarta ta riƙe. Na ce, "Kawo in karɓe ki." Ta ce, "Mama, ke da ko ƙwai kika buga sai kin huta a tsakiya." A hankali ya fara kama jikinsa, Allah ya rufa asiri.

Da mota ta tafi da kek, Auta ta wanke kwanukanta tas, ta shiga ɗaki ta sauko da akwati daga saman kabad. Na ce, "Auta, kek ya yi kyau fa." Ta ce, "Ya yi. Na gaji da yi wa mutane kyauta suna ce mini Allah ya ƙara kasuwa."

Kin lissafa fulawa da ƙwai. Gas fa? Kwalin da ake sakawa da katakon ƙasa? Kuɗin mota zuwa kasuwa? Kwaɓin da ke lalacewa? Tsayuwarta tun safe har ƙafa ta kumbura, ita ba ta da kuɗi? Ke in aka ce za a biya ki kuɗin allura da auduga kawai, za ki koma aiki gobe? Tun farko ta san ke ce, ta rufe bakinta don ke yayarta ce.

Ba kuɗinki nake so ba, ba za ta karɓa ba. Ki je wurin matan nan da bakin da kika faɗi farashin farko, ki ce kin yi kuskure. Ki yi kafin wata ya ƙare. Ban taɓa roƙon ki komai ba, yau ina roƙo.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaisuwa. Na yi abin da kika ce, a ɗakin hutu, a gaban kowa. Ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. Wata ta ce da wannan kuɗin gara ta je shago. Yawancinsu sun janye odarsu. Shugabarmu da wata guda ne kawai suka ce a ba su lambar Auta, za su tambaye ta da kansu.

Ina tsoron na kashe mata kasuwar gaba ɗaya. Ta ƙi ɗaga wayata. Ki ce mata na tuba.

'Yarki.

*

'Yata,

Gaisuwa ga kowa.

Shugabarku ta bugo. Ina zaune Auta ta faɗi farashi, ba ta rage ba, matar kuma ta amince. Auta ta roƙi gidan burodi su ƙara mata wata guda ta gani. Kayan ba ta kwance ba, ni ma ban tambaya ba. Wayarki za ta ɗaga in ta huce, kada ki matsa mata.

Ga abin da na yanke, kuma ki gaya wa maigidanki da duk wanda ya kira kansa danginmu. Daga yau, a gidan nan, wanda bai tsaya gaban obin ba ba ya faɗin farashin abin da ya fito cikinsa. Wanda aka tambaya ya ba da lambarta ya ja bakinsa.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.