Ba Irin Wannan Ganyen Ba

Yaya Ashiru,

Ina gaisuwa. Ya Inna, ya mutanen Kore Mairuwa? Ni lafiya, sai sanyin Faransa, shi ma mun saba da juna.

Matarka Hure ta ce Baba na tarin jini, amma kun fasa kai shi asibiti, kuna jiran magani daga wurina tunda karatun ganye nake yi. Yaya, abin da nake nazari gansakuka ce, wadda Inna ke kankarewa a gindin randa. Ina cire mata ƙwayar halitta guda, in ta kasa fid da ganye malamaina su yi murna. Ko akuya ba ta taɓa warkarwa ba.

Don Allah ku kai shi asibitin Dogon Dutsi gobe. Ba ni da abin aikowa sai addu'a.

Ƙanwarka,
Kaltume