Na Ɓata Motar Babana, Shi Kuwa Bai Sani Ba

Inna Yakaka, don Allah ki taimake ni, kwana goma sha ɗaya ke nan ina yi wa mahaifina ƙarya.

Babana yana da wata tsohuwar mota ja mai kujera biyu, irin ta tsere, ta girme ni nesa ba kusa ba. Duk Fagge an san shi da ita. Shekara uku ke nan ciwon suga ya tafi da ganinsa, amma kullum bayan ya karya sai ya lalubi tsumma ya goge ta da hannunsa, tun daga fitila har baya. Ni kaɗai ya koya wa tuƙa ta cikin 'ya'yansa, kuma ya sha ja mini kunne kada a canja mata ko noti ɗaya.

To Inna, birkinta sai an taka sau uku yake kamawa. Shi ya saba, ni kuwa saura ƙiris in haye adaidaita sahu a bakin Kantin Kwari, yana zaune a gefena. Na tsorata, wallahi. Sai na ce masa juyen mai za a yi, na kai ta garejin Innocent, wani bakanike a Sabon Gari, aka sa mata birkin zamani mai faifai, aka canja cibiyoyin taya, wato ƙarafan da tayoyi ke zama a kai.

Ashe cibiyoyin irin wannan mota kowacce da gefenta. Noti ɗaya ne babba ke riƙe da taya, idan aka sa ta dama a hagu, tafiya kwance shi take yi maimakon ta ɗaure. Innocent bai taɓa aikin irinta ba, ni ma ban sani ba. Ko Fagge ban ƙarasa ba tayar gaba ta fice, gefen motar ya daki ƙasa ya lotse. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Aka ja ta aka mayar garejin, tana can har yau.

Kullum sai ya tambaya. Jiya na tarar da shi tsaye a inda take kwana, da tsummansa a hannu. Na shige ɗaki na yi ta kuka. In bari a buge lotsawar a yi fenti in yi shiru, ko in faɗa masa? Ita kaɗai ta rage masa cikin abubuwan da.

'Yar Baba, Fagge

Amsa

'Yata, share hawayenki. Gyara birki ba laifi ba ne, motar da ke ɗaukar rai biyu a cunkoson Kwari dole ta tsaya idan an taka. Nan kam ina bayanki. Amma shi ma Baba ba rigima yake ba. Mutumin da aka riga aka karɓe wa tuƙi, aka karɓe wa gani, abin da ya rage masa shi ne a tambaye shi. Wannan kika hana shi, kuma ya fi lotsawar ciwo.

Maganar fenti ki bar ta. Mai ido ne fenti yake ruɗa. Hannun da ya shekara uku yana bin jikin motar nan kowace safiya zai gane wurin tun a shafar farko, daga nan kuma ba zai sake sanin wace maganarki zai yarda da ita ba.

Ki faɗa masa gobe, ki fara da adaidaitar da kika kusa hayewa. Zai yi faɗa, ki jure. Idan ya huce, ki roƙe shi ya bi ki garejin, a ajiye masa kujera, a miƙa masa cibiyoyin nan ya shafa. Na tabbata duk Sabon Gari ba wanda ya fi shi sanin ta dama da ta hagu. Tsofaffin kayan kuma Innocent ya tattara muku, kada a zubar.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sanyaya zuciyarki. Ki je, kada hannunsa ya riga bakinki.

Inna Yakaka