Makarar Kawu Idi a kan amalanke

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya zaman Tamanrasat can Aljeriya? Ya Hadiza da yara? Mu nan sai godiya.

Bayan gaisuwa, Kawu Idi ya rasu ranar Laraba, Allah ya jiƙan shi. Da aka gama sutura muka duba masu ɗaukar makara, sai ga mu tsofaffi zalla. Masu ƙarfi duk sun watse, wasu Aljeriya, wasu wajen haƙar zinariya. Muka ɗaga, gwiwar liman ta ƙi, muka aje. Ya ce, "Ku ɗauro shanu, kar rana ta yi mashi."

Haruna, a amalanken da muke kai taki gona muka kai Kawu makwancinshi, mutumin da ya ɗauki makarar babanmu a kafaɗa. Mata na leƙe ta darni suna kuka.

Ka gaida 'yan ƙasarmu ta Urafane da ke wurinku, ka karanta masu wannan. Ku sa mu cikin addu'a. Shinkafar da ka aiko ta iso, mun gode. Amma ka gaya masu shinkafa ba ta ɗaukar makara.

Yayanka,
Musa