Jakin da Ban Juya Ba

Zuwa ga Salau, abokina,

Bayan gaisuwa, in har gaisuwa tana isa inda kake. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ba, tunda kai ka ce boko aikin marasa gona ne. Ni dai na koya a lakwal, makarantar manya da ake yi mana nan Malbaza, kuma a bayan takardar buhun siminti nake rubuta maka. Yau ba zumunci ya kawo ni ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Labarin gida ba daɗi. Damina biyu ke nan ruwa ya ƙi, ƙannenka sun yi Sakkwato cin rani, innarka tana nan idonta ya fara duhu. Ni ina dakon siminti, ina leƙa gida in an samu hutu. Amma babban labari kai ne: ka zama waƙa. 'Yan mata a dandali suna rera Salau da Hajo, saurayin da maciji ya sara saura wata ɗaya a ɗaura masa aure. In sun gama su hau gardama: da bai je gona ba ran nan, da an ɗaura auren kafin girbi, da kaza da kaza. Ni ma ina cikin waƙar. Ni ne abokin da ya ɗora ka a jaki ya bi doguwar hanya da gangan, don idonsa na kan yarinyar. Ka ga inda ka ajiye ni?

Ni da kai mun san yadda aka yi. Da hantsi ne, ka ɗaga damin gero, kumurci ya sare ka a cinya. Daga gonarka ana hango rumbunan Baba Arzika, uban Hajo, mutumin da har daga Badaguishiri ake kawo masa saran maciji. Can na nufa da kai. Sai ka riƙe igiyar jakin. Ka ce maganinsa sai an tuɓe mutum, ya sha, ya yi ta amai da gudawa a tsakar gida, kuma surukinka ba zai gan ka a haka ba. Kai da kake kauce wa hanya ka cire takalmi in ka hango shi, kai da ko ruwa ba ka taɓa sha a gabansa ba. Ka ce in kai ka gidan likita a Illela. Ka sa na rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa dalili ba, balle Hajo. Jakai biyu ne a hanyar nan, Salau, wanda ka hau da wanda ya ja shi. Kafin la'asar ka cika a gindin gawo, ko bakin Illela ba mu hango ba.

Shekara goma ina juya jakin nan a raina. Da na fizge igiyar, me zai faru? Ka yi amanka, ka ɓata wandonka, tsoho ya zuba ƙasa a kai ya yi kamar bai gani ba, don shi ma ya san kunya. Mu yi maka dariya rani ɗaya, ka gudu cin rani, ka dawo ka auri matarka. Ko kuwa ka ƙi ni har abada, mu gamu a masallaci ka kau da kai. Wallahi da na karɓa hannu biyu. Ko ma a ce kwananka ya ƙare ran nan ko ta yaya, ai da ka cika a hannun mai magani, Hajo tana bayan darni tana ji, ba wanda zai nuna ni da baki. Na san ajali, ba na jayayya da shi. Amma hannunka na gani a kan igiyar.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ina son Hajo tun kafin macijin. Na haɗiye, na raka ka zance, na ɗaukar maka goron gaisuwa. Bayan ka tafi ta kori manema damina uku, a ta huɗu na je, ta amsa. 'Ya'yanmu mata uku. In na juya jakin a raina, su ukun nan suke ɓacewa, sai in rasa abin da zan roƙa. Kuma akwai tambayar da take cin raina: da ba na son ta, da na bi maganarka da sauri haka? Na doki jakin nan har sandar ta karye, wannan na sani. Sauran ban sani ba, kuma kai ka ja mini.

Makon jiya Baba Arzika, yana kwance ba ya iya tashi, ya sa aka kira ni. A gaban Hajo ya tambaye ni abin da ya sa na wuce ƙofarsa da kai. Ya ce shekara goma tambayar tana cikinsa, ba ya son ya tafi da ita. Na sunkuyar da kai saboda rantsuwarka. Hajo ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. Har na komo Malbaza, sai dai ta ajiye mini tuwo ta juya.

To, ya isa. Na tambayi liman, ya ce in na karya rantsuwa in ciyar da mutum goma, in ba hali in yi azumi uku. Hatsi babu bana, azumi zan yi. Gobe zan je gida in zauna gaban tsohon da 'yarsa in faɗa musu komai, har amai da gudawar da ka guda. Kunyar da ka mutu don ita ta jira ka shekara goma, gobe za ka ji ta, ni kuma in huta.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe mana mu duka. Ni tukuna ban yafe ba, amma ina ƙoƙari.

Abokinka da ya bi maganarka,
Nomau